FILIN MOTA DA HANYA: Ƙarin Sifirin Ba Ya Ƙara Birki

Duk shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke, kogin Binuwai ya fara ja da baya, manoma suka shiga yankan shinkafa a fadamun Lau, sai ciniki ya buɗe wa kanikawa a Jalingo da sauran garuruwan bakin hanya. Ba ciwon inji ne ke kai yawancin direbobi gareji a wannan lokaci ba. Abin da suke nema shi ne a ɗaga musu bayan mota. Wani a ƙara masa falle biyu ko uku a sifirin, wani a cusa masa guntun tsohuwar taya a tsakanin zobban sifirin, wani kuma a ciro na wata babbar mota a ɗaura wa tasa, duk domin motar da aka ƙera don buhu goma ta ɗauki goma sha takwas ba tare da gindinta ya share ƙasa ba. In an gama, mota ta miƙe tsaye kamar ingarma, direba ya biya yana murna, ya kama hanyar bakin kogi. Abin da wannan fili zai duba a makon nan shi ne, me aka ƙara wa motar nan, me kuma aka bari yadda yake?

Lau tana bakin Binuwai a Jihar Taraba, wadda aka ciro daga tsohuwar Jihar Gongola a 1991. A zamanin Turawa tasha ce ta jiragen ruwa. Idan kogi ya cika da damina, jiragen kamfanonin ciniki kan hauro daga kudu har Yola da Garwa, suna tsayawa a Ibi da Lau da Numan, su sauke gishiri da yadi da kananzir, su ɗauki amfanin gona. Wannan sufuri ya mutu sannu a hankali, amma kayan da ake buƙatar fitarwa ba su ragu ba, sai ma ƙaruwa. Shinkafa da masara da busasshen kifi, da fasinjan da ke ƙetarawa Karim Lamiɗo a jirgin fito, duk sun koma wuyan mota. Ƙasar kuwa ta fadama ce, taɓo da damina, gargada da ramuka da rani, ga ambaliya irin ta 2012 da 2022 wadda ke cinye hanya ta bar kwazazzabo. A irin wannan wuri ƙafar mota ta fi fentinta muhimmanci.

Motar da ta daɗe tana shan wannan wahala ita ce Peugeot, wadda Bahaushe ya raɗa wa Fijo. Ko da yake yanzu Starlet da Golf da Hilux sun karɓe mata yawancin aikin, a jikinta ne manyan kanikawan yankin suka koyi sana'a, kuma a jikinta ne darasin ya fi fitowa fili, domin ita ce motar haya wadda ke da 'yar'uwa a filin tsere.

DAGA FILIN TSERE ZUWA TASHA

Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960. Ba a daɗe ba ta nuna kanta a tseren Safari na Afirka ta Gabas, tseren da ake shafe kimanin kilomita 5,000 cikin laka da ƙura a ƙasashen Kenya da Uganda da Tanzaniya. A 1963 motoci fiye da 80 suka tashi, bakwai kaɗai suka kai ƙarshe, ta farkonsu kuwa 404 ce. Ta sake cinyewa a 1966 da 1967 da 1968. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, kuma a 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci Safari da ita. A shekarar ce kuma Hannu Mikkola ɗan Finlan ya ci tseren Maroko da irinta.

A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Shekaru da dama ana ɗauko sassan a jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano, sa'an nan a kai su Kaduna. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta mai da 504 motar ma'aikatanta, manya da ƙanana, 'yan kasuwa suka bi sahu, direbobin haya suka rungumi mai dogon baya wadda ke da layin kujeru uku. An daina ƙera salun ɗin 504 a Turai tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000.

Akwai kuma 504 ɗin da ba a cika gani a tasha ba. A 1969 kamfanin ya fito da wata mai ƙofa biyu, gajeriya, wadda gidan Pininfarina na birnin Turin a Italiya ya zana kuma yake ƙera jikinta. Tsakanin tayarta ta gaba da ta baya mita 2.55 ne, alhali na salun mita 2.74 ne, na mai dogon baya kuwa mita 2.90. Daga 1974 aka sa mata inji mai silinda shida, kuma da irinta ne Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da tseren Bandama na ƙasar Kwaddibuwa, duka biyu a 1978. Saboda haka direban da ke lodi a tashar Jalingo da wanda ke tsere a dajin Kenya zuriyar mota ɗaya suke tuƙawa, kuma dukansu biyu sun taɓa ƙafarta. Bambancin yana ga abin da kowannensu ke nema.

YADDA AKA TSARA INJIN

Kafin a je ga ƙafa, ya kamata a fara da inji, domin tare aka auna su. Injin mai silinda huɗu na 404 da 504 gida ɗaya ne. A 404 faɗin kowace silinda milimita 84 ne, tafiyar fistan daga sama zuwa ƙasa milimita 73, wanda ya ba da si-si 1,618, watau yawan iska da man da silinda huɗun ke iya zuƙa. Da aka zo 504 sai aka ƙara tafiyar fistan zuwa milimita 81, ya zama si-si 1,796. A 1970 aka faɗaɗa silinda zuwa milimita 88, ya zama si-si 1,971, wanda kanikawa ke kira lita biyu. Mai kafireto bai kai ƙarfin doki 100 ba. Ba inji ne mai gudun fitar hankali ba, amma yana da ƙarfin ja tun yana juyawa a hankali, abin da mai fita daga taɓo ko hawan tudu da kaya ya fi buƙata.

Abubuwa uku suka sa ya yi suna. Na farko, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, amma kansa, watau tof silinda, na alminiyam ne, mai sauƙin nauyi da saurin fitar da zafi, kuma rufin ɗakin da mai ke ƙonewa an yi shi kamar ƙoƙo a kife, domin bawul su samu fili, iska ta shiga ta fita ba tare da wahala ba. Wannan dabara ta motocin tsere ce. Injin Jaguar na Ingila wanda ya fito a 1948, ya ci tseren awa 24 na Le Mans sau biyar tsakanin 1951 da 1957, da irin wannan rufi aka yi shi, sai dai shi kamshaf biyu gare shi a saman kai, Fijo kuwa ta bar ɗaya a cikin gangar inji, sarƙa na juya shi, yana tura bawul da 'yan sanduna. Tsarin Fijo ba ya jure juyawa da tsananin sauri kamar na Jaguar, amma bakanike mai sifana da filaya yana iya saita shi a gindin bishiya.

Na biyu, silindarsa silif ne da ake zarewa, ruwan lagireto na zagaya shi kai tsaye. In inji ya tsufa ba sai an kai gangar wurin masu injin gogewa a birni ba. A sayo sabon silif da fistan da ringi, a zare tsofaffi, a zura sababbi, inji ya koma yaro. Wannan ne ya sa Fijo ɗaya kan yi wa uba aiki ta yi wa ɗa.

Na uku, ba a tsaye yake ba. An kishingiɗar da shi gefe da digiri 45, watau rabin kwanciya. Shi ma injin Marsandi 300 SL, shahararriyar motar Jamus ta 1954, a kishingiɗe yake. Dalili kuwa shi ne a sassauto da murfin gaba don direba ya ga hanya, kuma a sassauto da nauyi kusa da ƙasa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za a komo kansa: masu ƙera motar sun ɗauki wahalar kwantar da inji ne don kawai nauyi ya sauka da 'yan santimita kaɗan.

Shi kuwa injin mai silinda shida, Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa kai suka ƙera shi a garin Douvrin na arewacin Faransa. Girmansa si-si 2,664, jikinsa duka alminiyam, silindarsa uku dama uku hagu kamar bakin almakashi. Ya fito da ƙarfin doki 136, masu tsere kuwa suka tsananta masa har ya haura 200. Amma ba su ƙara masa ƙarfi suka bar sauran mota yadda take ba. Duk dokin da suka ƙara, sai da suka biya shi da birki da taya da shokazoba.

Injin nan mai silinda huɗu yana da lagonsa. Kan alminiyam ba ya son zafi. In mota ta yi lodin da ya fi ƙarfinta tana nishi a giya ta ɗaya cikin zafin watan Maris ko Afirilu, ruwa ya tafasa, sai kan ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai ya zama kamar koko. Ɗura ruwan kogi mai laka a lagireto yana gaggauta wannan, domin lakar na toshe 'yan hanyoyin ruwan. Ashe ke nan tun kafin a zo ga maganar haɗari, lodin wuce kima ya fara cin mai mota ta wajen inji.

ƘAFAR MOTA

Abin da kanikawa ke kira ƙafar mota abu biyu ne manya, aikinsu kuma dabam dabam. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi, ya lotsa in taya ta hau tudu, ya miƙe in ta faɗa rami. Shokazoba ba ta ɗaukar nauyi. Bututu ce mai mai a ciki, da fistan mai 'yan ƙofofi, aikinta ta hana sifirin ci gaba da rawa bayan ya lotsa. In babu ita, taya sai ta riƙa tsalle kamar ƙwallo, tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Ana auna ƙarfin shokazoba ne daidai da ƙarfin sifirin da za ta riƙe. Kamfanin Peugeot a wancan zamani shi yake ƙera tasa da kansa, ba ya saye a waje, saboda muhimmancin da ya ba wannan awo.

A gaba, 504 tana da irin ƙafar da wani injiniya Ba'amurke, Earle MacPherson, ya ƙago, wadda ta yaɗu daga motocin Ford na Ingila na 1950: shokazoba a tsaye, sifirin mai zobe ya kewaye ta. A baya kuwa kamfanin bai yi wa dukansu ɗinki ɗaya ba. Babbar salun da mai ƙofa biyu kowace tayar baya da hannunta, tana hawa da sauka ba ruwanta da 'yar'uwarta, don daɗin zama da riƙe kwana. Mai dogon baya an ba ta aksul ɗaya miƙaƙƙe da sifirin mai zobe guda huɗu, biyu a kowane gefe. A-kori-kura kuwa an ba ta sifirin mai falle-falle irin na manyan motoci. Watau tun daga masana'anta an san cewa kaya dabam, fasinja dabam, gudu dabam, an kuma yanka wa kowace rigarta.

Sirrin 504 a kan gargada shi ne sifirinta mai laushi ne, tafiyarsa doguwa, shokazobarta kuwa mai ƙarfi. Taya na da filin da za ta bi rami ta dawo ba tare da ta bar ƙasa ba. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin motocin tsere na Lotus a Ingila, a kan wannan hanya ya gina sunansa: mota marar nauyi, sifirin mai laushi, shokazoba mai riƙo. Mutane da yawa suna zaton taurin ƙafa shi ne ƙarfin mota. Masu tsere sun daɗe da sanin cewa ba haka ba ne.

To, me masu Safari suka yi wa tasu? Sun sa faranti mai kauri a ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa kaskon baƙin mai. Sun bi gaɓoɓin bodi da walda, musamman inda kan shokazoba ke zama. Sun sa shokazoba mai jure zafi, suna kuma canja ta a kan hanya tun ba ta mutu ba. Sun ɗaga motar kaɗan, gaba da baya daidai. Sa'an nan suka fitar da kujerun baya da duk wani tarkace, mutum biyu kaɗai suka shiga. Mai tsere ya ƙarfafa ƙafa ya rage nauyi. Mai haya yakan ƙarfafa ƙafa ne domin ya ƙara nauyi, a nan hanyarsu ta rabu.

ABIN DA BA YA ƘARUWA

Ƙarin falle yana aiki, babu musu. Taurin sifirin na ƙaruwa daidai da yawan fallensa, kaurin falle kuwa ya fi haka tasiri, domin in aka ninka kauri sau biyu tauri kan ninku sau takwas. Robar da ake cusawa a tsakanin zobba ita ma tana taurara sifirin, domin ta kashe zoben da ta tokare. Mota za ta daina zama. Amma zaman nan da direba ke ƙi shi ne bakin da mota ke da shi na cewa kaya sun isa. An rufe mata baki ne kawai, nauyin yana nan, kuma ga inda yake sauka.

Na farko birki. Aikin birki shi ne ya mai da gudu zafi. In nauyi ya ƙaru da rabi, zafin da birki zai sha ya ƙaru da rabi. In gudu ya ninka, daga kilomita 50 zuwa 100 a awa, zafin da nisan tsayawa sukan ninku sau huɗu. Faifai da gangar birki kuwa girmansu bai canja ba. A doguwar gangara irin ta Mambila, ko inda shanu suka fito kan hanya ba zato, nan ake gane haka. Daɗin daɗawa, motoci da yawa na wancan zamani, har da 504, suna da wani ɗan bawul a baya wanda ke auna yadda mota ta zauna. In ta zauna ƙasa ya san akwai kaya, sai ya ƙara wa tayoyin baya birki. In tana sama ya ɗauka ba kowa, sai ya rage, don kada baya ya ja ya juya. Motar da aka taurara wa baya tana tsaye ƙyam ko da kaya, saboda haka bawul ɗin na ba ta birkin motar da ba kowa a ciki alhali tana ɗauke da buhu goma sha takwas.

Na biyu taya. A gefen kowace taya, bayan lambar girmanta, akwai wata lamba mai nuna iyakar abin da za ta ɗauka. Lamba 82 tana nufin kilo 475, lamba 88 kilo 560, lamba 91 kilo 615, lamba 100 kuwa kilo 800. Ƙaramar motar da ke kan taya mai lamba 82, tayoyinta biyu na baya kilo 950 za su ɗauka gaba ɗaya, a ciki har da nauyin bayan motar kanta. Mai karatu ya lissafa buhun shinkafa mai kilo 100 nawa suka rage. Tayar da aka danne tana lanƙwasa a kowane juyi, tana yin zafi daga ciki, ga kwalta ta ɗauki rana, ƙarshenta ta fashe, kuma ba ta sallama.

Na uku aksul da boris ɗinsa da kusoshin taya. Su ma an auna su. Ƙarin falle bai ƙara musu kauri ba, sai ma ya ƙara musu duka, domin bugun ramin da sifirin mai laushi zai shanye yanzu kai tsaye yake isa gare su. Wannan ne asalin tayar da ake gani ta fice ta wuce motar da ke ɗauke da ita, da shasin da ke tsagewa a daidai inda sifirin ya kama.

Na huɗu tsayuwar mota. Injiniyoyi sun kwantar da inji don nauyi ya sauka, bakanike ya ɗaga baya da taƙi guda, yaron mota ya ɗaure buhuna a kan rufi. Nauyi ya koma sama, mota ta zama kamar mai tallan da ta ɗora tulu a kan tulu. A kwana, ko in taya ɗaya ta zame gefen hanya, kifewa ba ta da wuya. Kayan da aka jibga a bayan aksul kuma suna ɗaga gaba, sitiyari ya yi sakayau, fitila ta koma haska sama tana kashe idon mai zuwa. A motar da kowace tayar baya ke da hannunta, irin salun ɗin 504, ɗagawa kan karkatar da tayoyin su tsaya a kan gefensu, riƙonsu ya ragu, su cinye ta ɓangare ɗaya. Ita kuwa tsohuwar shokazoba da aka bari ba ta iya riƙe sabon sifirin mai tauri, saboda haka in mota ta sauke kaya ta juyo ba komai, bayanta sai ya riƙa tsalle a kan gargada yana neman wuce gaba.

GYARAN DA KE DA AMFANI

Ba a ce duk taɓa ƙafar mota laifi ne ba. A 1980 wani Bafaranshe, Henri Dangel, ya kafa kamfani a yankin Alsas yana karɓar 504 mai dogon baya da a-kori-kura, ya ɗaga su, ya sa duka tayoyin huɗu su riƙa ja. Aikin ya yi kyau har kamfanin Peugeot ya yarda a sayar da su ta hannun dillalansa. Abin da ya sa ya yi kyau shi ne bai taɓa abu ɗaya ya bar saura ba, ya bi giya da aksul da ƙafa ya daidaita su gaba ɗaya. Hanyar Lau ma tana buƙatar motar da cikinta ya yi nisa da ƙasa, kuma akwai yadda za a yi a samu haka ba tare da sayen tsautsayi ba.

Sifirin da ya gaji a canja shi da sabo na ainihin motar, ko mai ɗan ƙarfi wanda aka ƙera dominta, dama da hagu tare. Kada a gasa falle a wuta ko a yi masa walda, domin wuta na kashe ƙarfen, ya riƙa karyewa kamar rake. In an ƙara falle, kada ya wuce ɗaya, a canja kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksul da sababbi masu tsawon da ya dace, a sa shokazoba mai ƙarfin da zai riƙe shi, ita ma biyu biyu. Gwajinta ba wuya: a danna kusurwar mota da ƙarfi a saki, in ta yi rawa fiye da sau ɗaya ko biyu, ko aka ga mai na tsiyaya a jikinta, ta gama aiki. A duba bushin da boljoyin da tayarod. A sa bakaniken da ya san bawul ɗin birkin baya ya sake saita shi. A sayi taya mai lambar da ta dace, irin ta motocin kaya mai harafin C in da hali, a kuma karanta shekarunta: lambobi huɗu ne a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 na nufin mako na 23 na 2019. A sa faranti a ƙarƙashin inji kamar yadda masu Safari suka yi. A wajen lodi, kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a tsakanin tayoyin gaba da na baya. Bayan duk wannan, nauyin da masana'anta ta rubuta a ɗan farantin da ke jikin mota yana nan yadda yake. A-kori-kurar 504 tan ɗaya da 'yan kai aka yi ta ta ɗauka, ko falle nawa aka jera mata.

Direba yana da hujjarsa, kuma ya kamata a saurare shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mai ya ninku, kayan gyara sun yi tsada, mai mota na jiran balas da yamma, manomi kuma ba ya son ya biya sawu biyu. In ya ƙi lodin, na bayansa a layi zai ɗauka. Saboda haka maganar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ƙungiyar direbobi ita ke da tasha, ita ke iya ƙayyade buhun da kowace irin mota za ta fita da shi, ta yadda mai gaskiya ba zai yi asara ba. Manoma da 'yan kasuwa suna iya haɗa kayansu su ɗauki babbar mota ɗaya maimakon ƙananan biyar. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, zai kyautu su riƙa leƙa ƙarƙashin mota da gefen taya kamar yadda suke duba takardu. Hukumomin da ke da alhakin hanya kuwa su sani duk ramin da aka bari, wani bakanike zai cike shi da ƙarin falle.

Shi ma mai mota ya zauna ya yi lissafi na shekara, ba na yini ba. Ya sa kuɗin ƙarin buhunan a hannu ɗaya, ya sa na taya da boris da gaskit da kwanakin da mota ta yi a gareji a ɗaya hannun. Sau da yawa garin neman ƙiba ake samo rama, tun ba a kai ga abin da kuɗi ba ya mayarwa ba. Fasinjan da ke zaune a kan buhuna, mace da goyo ko ɗalibi mai komawa makaranta, bai ga lambar taya ba, bai san an saita bawul ko ba a saita ba. Amana ya ba direba, direba kuma ya ba bakanike.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba lagireto da ruwan da ya kamata a zuba masa kafin zafin bazara ya kama. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.